Hannun Magaji

Tun da aka hana binne mutum da ƙarfe a jikinsa, sai a cire kafin wankan gawa, a kai wajen masu gyara su tsabtace, su mayar wa iyali. Haka aka yi da hannun ƙarfen Magaji. Matarsa Tasalla ta aika wa Sallau, amininsa mai shagon gyaran, cewa kada ya taɓa shi. Ya rantse ba zai taɓa ba.

Ranar da ta fita takaba ta je shagon. Sallau ya jera mata ƙarafa uku a kan benci.

"Zaɓi launin da za a yi wa hannun, matar abokina. Mai sheƙi, baƙi, ko ruwan toka?"

"Ban zo zaɓe ba, Malam Sallau. Yadda yake nake so. Akwai ɗan kwarmi a babban yatsan, inda carbi ya ci shekara goma sha tara. Shi na zo ɗauka."

Ya sosa ƙeya. "Wata huɗu fa, Tasalla. Masu duba shaguna sun zo har sau biyu. Doka ta hana a ajiye ƙarfe ba a goge ba."

"Ka rantse mini."

Sallau ya ɗaga labule. Hannuwa goma sha ɗaya ne jere a kan kanta, sumul, duk iri ɗaya. Ta bi su tana shafa babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ji komai ba.

"Wanne ne nasa?"

Sallau ya daɗe yana kallon kantar, sannan ya ɗauko na huɗu.

"Ina jin wannan ne."