Kunnuwan Kyanwa a Shagon Baba

Baba tela ne a kasuwar Mont-Bouët, a Gabon. Wata la'asar, wata 'yar Gabon ta kawo 'yarta karɓar ɗinkin bikin makaranta: kunnuwan kyanwa da wutsiya, irin na yarinyar katun ɗin da nake so. Ina zaune kan tarin ƙyallaye, Baba ya durƙusa ya ɗaura mata kunnuwan, na baƙin karammiski.

Ya ce, "Juyo mu gani, 'yar kyanwata."

Ni kaɗai yake kira haka. Ita ko Hausa ba ta ji.

Na ce, "Baba, nawa fa?"

"Ke da ɗankwali, ina za su zauna?"

Yanzu na girma har da 'ya'ya. Ko sunan yarinyar ban sani ba, amma har yau ban yafe mata ba.