Duwatsun da Suke Dawowa

Manjagara ta sake karo da dutse, Shahata ya tsaya ya dafe ƙugu. Jiya da hannunsa ya tsince wannan gefen, ya cika bokiti, ya baje ƙasar har ta kwanta sumul. Yau ga su nan kuma, manya da ƙanana, daga bakin famfo har gindin mangwaro.

Ba yaro ba ne a wannan sana'a. Tun yana saurayi yake shimfiɗa ciyawa a manyan gidajen birnin Isma'iliyya, kuma ya san aikin ba ya son gaggawa. Sai an kafce ƙasa, an zare saiwoyi, an gauraya yashi da taki, an bi da katako an daidaita, an yayyafa ruwa ta lafa. Idan ka bar dutse ɗaya a ƙasa, nan ciyawar za ta fara bushewa, masu gida kuma su ce kai ne ba ka iya ba.

Duk ya yi wannan. Ƙasar ce ta ƙi zama yadda ya bar ta.

Matar gidan, Hajiya Nirmin, ta fito da shayi ta ajiye masa a kan dakali. Baƙi ne wuluk da ganyen na'ana'a, yadda yake so, ko da yake bai tuna ya taɓa gaya mata ba.

"Ranki ya daɗe, yaushe za a kawo ciyawar nan?"

"Sun ce jibi."

"Jibin nan nasu ba ya zuwa ne? Ƙasa tana shan rana a banza. Kuma wani yana zuba mini duwatsu, na rantse."

"Sai haƙuri," ta ce, ta koma ciki. Ya bi ta da kallo. Mace mai gida kamar wannan, amma farcenta duk ƙasa, kamar ta wuni a gona.

Ya fara zargin maƙwabciya, Inna Fatahiyya, wadda ba ta da aiki sai leƙe ta saman katanga. Da ya ga kanta ya ɓullo, ya ɗaga dutse ya nuna mata.

"Naki ne wannan? Zo ki karɓi kayanki."

Tsohuwar ba ta rama ba. Ta ce, "Sannu da aiki, Shahata. Ya jikin?"

Wannan ya fi zagi ɓata masa rai. Me ya sami jikinsa? Ya juya mata baya ya durƙusa, ya shiga tsinta. Gwiwoyinsa suna zafi, gumi yana shiga idonsa. Bokiti ya cika, ya kai shi bayan ɗakin ajiya, ya dawo ya bi ƙasar da katako a hankali, layi bayan layi. Kafin a kira azahar filin ya kwanta lumui, babu tudu babu kwari. Ko yanzu aka kawo ciyawa sai dai a warware ta kamar darduma.

Sai ya yanke shawara. Ya san gonar da ake yanko ciyawar, can hanyar garin Fayid. Zai je da ƙafarsa ya tsaya a kansu har su loda. Ya wanke hannu, ya gyara rawaninsa, ya nufi ƙofa.

A kulle take, da kwaɗo.

Ya jijjiga ta har ƙarfen ya yi ƙara. Nirmin ta fito da gudu, babu ko takalmi.

"Ina za ka?"

"Ni fursuna ne a gidan nan? Buɗe mini. Na gaji da aikin da ba ya ƙarewa. Ku nemi wani, ni gidana zan koma. Ina da yarinya ƙarama tana jirana, yanzu za a taso su daga makaranta."

Ta ɗora hannunta a kan kwaɗon. Sannan ta ce, "To, na ji. Amma ba za ka fita da yunwa ba. Na dafa wake da man zaitun, ga burodi da zafinsa. Ka ci, ka ɗan kishingiɗa, rana ta yi sanyi."

Ya so ya ƙi, ƙamshin ya rinjaye shi. Ya ci yana mita, a kan teburinsu, don a gidan nan ba a kai wa ma'aikaci kwano waje. Daga nan ya shiga ɗakin da suka ware masa. Ba a jima ba minsharinsa ya cika falo.

Nirmin ta leƙa ta tabbatar. Ta zagaya bayan ɗakin ajiya, ta kinkimo bokitin da hannu biyu, ta taka tsakiyar filin da ya sha wahalar gyarawa. Ta riƙa ɗiba tana watsawa, tana danna wasu cikin ƙasa da diddige.

"Har yaushe za ki yi ta wannan, 'yar nan?" in ji Inna Fatahiyya daga saman katanga. "Bawan Allah yana shan wuya. Ki sa a kawo masa ciyawar ya huta mana."

Nirmin ta juye sauran duwatsun, ta share fuska da bayan hannu.

"Inna, wancan karon da aiki ya ƙare masa, a bakin titin jirgin ƙasa aka tsinto shi, wai ya je ɗauko ni daga makaranta. Muddin akwai dutse a ƙasar nan, Baba ba zai bar gidansa ba."