Littattafan da Gara Ta Riga Mu Karantawa

Ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu, can bayan Roni, akwai wani kabad da kullum yake kulle a lungun ajinmu. Littattafan labari ne a ciki, amma hedimasta ya hana a taɓa, wai kada mu ɓata su kafin masu duba makarantu su zo.

Wata rana ana dab da tashi, sabuwar malamarmu, Malama Rabi, ta shigo da mukulli.

"Yau kowa zai zaɓi nasa, ya karanta da kansa," in ji ta.

Tana buɗewa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge mu. Gara ta gama da su. Malama ta ɗago ɗaya, ya zube mata a zane kamar dusa. Ta daɗe a tsugune, sannan ta tsinto guntayen da suka tsira ta rarraba mana.

Nawa rabin layi ne: "Da yarinyar ta leƙa rijiyar, sai ta ga..."

"Malama, me ta gani?"

"Gara kaɗai ta sani, Hadiza."

Yanzu 'yata ce a ajin nan. An kawo sabon kabad, da sabon kwaɗo.