Tulun Geron Mati

Kowace safiya, kafin Jibo ya ce wa kowa ina kwana, sai ya leƙa ɗakin baya ya shafa tulun. Tulu ne baƙi, an liƙe bakinsa da laka, cikinsa tiya biyu ta irin gero da aka cuɗe da toka don kada ƙwaro ya taɓa shi. Kakansa Mati ne ya bar wa gidan wannan iri. Ja ne, gajere, yana nuna tun sauran gero bai gama fid da kai ba.

A da kowane gida a ƙauyensu, can gefen Kanan-Bakaché, yana da geron Mati. Fari ya bi su shekara uku a jere. Wasu suka shuka ya ƙone a ƙasa, wasu yunwa ta sa suka daka nasu. Jibo ma ya yi asara sau biyu, sai ya rufe abin da ya rage, ya rantse ba zai fasa lakar ba sai daminar da ta zauna da gindinta. A gidansu maigida ne kaɗai ke buɗe tulun iri, kuma Jibo mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida.

Ko bara, da zazzaɓi ya kayar da shi ana tsakiyar yunwa, tulun ya riƙa tambaya. Sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyaka, hatsi ya ɓace a kasuwa. Matarsa Habsatu ce ta yi ta ɗura masa kunu da ludayi, kwana goma sha biyu, har ya iya zama. Daga baya yakan ba abokansa dariya, ya ce ciwo yana mai da harshen mutum yaro, don kunun nan ɗanɗanon na kakarsa ya yi masa. Da ya miƙe, geron taimako ya iso garin. Ya tarar da sabuwar laka a bakin tulun, Habsatu ta ce tsohuwar ce ta tsage ta yaɓe masa. Ya sa mata albarka.

Bana sai ga wani mai binciken iri, Rufa'i, ya zo daga Tasawa a kan babur. Ya zauna a zauren Jibo ya yi bayani tiryan-tiryan. Yanzu, in ji shi, akwai na'urar da ke karanta halittar ƙwaya ɗaya kamar yadda malami ke karanta allo, ta nuna abin da ke sa iri ya jure ƙishi. In aka tabbatar geron Mati ne, za a rubuta shi cikin littafin iri da sunan ƙauyen, a ninka shi a gonar ban-ruwa, a raba wa kowa kafin damina. In ba a rubuta shi ba, ba wanda zai yarda a ninka shi. Ya ce ya zagaya ƙauyuka goma sha ɗaya, ko'ina ana nuna masa hanyar gidan Jibo.

Jibo ya yi kwana biyu yana juya maganar. Rana ta uku ya yi bisimilla ya fasa lakar. Ya zura hannu ya ɗebo cikin tafi ɗaya, toka da ƙwaya duk fari fat, ya zuba a 'yar jakar Rufa'i, ya sake liƙewa nan take don kada iska ta shiga. Habsatu ba ta zo kallo ba, ta ce tana da ɗiban ruwa.

Garin ya ɗauka. Dattawan da suka daina maganar noma suka fara auna gonaki da ido. Wani ɗan garin, Isufu, wanda ya ɗaure kayansa zai tafi cirani Agadas, ya kwance su. Jibo kuwa tafiyarsa ma ta canza, ya riƙa amsa gaisuwa da hannu ɗaya kamar mai gari. Ba a ga laifinsa ba, shekara uku ana ce masa mahaukacin tulu.

Bayan sati biyar Rufa'i ya dawo. Bai ɗaga kai daga takardar sakamakon ba ya ce an gwada ƙwaya talatin, an sake gwadawa. Babu ko ɗaya ta Mati. Geron buhu ne, irin wanda aka raba taimako, mai son ruwa da yawa.

"Na'urarku ta yi ƙarya," in ji Jibo.

Rufa'i bai yi musu ba. Ya roƙi ƙwarya da ruwa, ya zuba sauran ƙwayar ya wanke tokar. Jibo ya duba ya sake dubawa. Ko ɗigon ja babu.

Mutanen da suka taru suka watse ɗaya bayan ɗaya. Isufu ya koma ɗaure kayansa. Sama ta yi fayau, ko gajimare babu. Jibo ya ji baƙin cikin da bai ji ba ko ranar da gonarsa ta ƙone, don wancan karon yana da tulu.

Ya shiga gida da ƙwaryar a hannu. Ya ce wa Habsatu ɓarawo ya shigo masa, kuma sai ya ja Yasin a kan duk wanda ya ci irin kakansa, ko wane ne. Ta ajiye taɓarya.

"Kada ka ja, Malam," ta ce a hankali. "Kwana goma sha biyu ina ba ka kunu, gidan ga ba ko ƙwaya. Kai ka shanye shi."