Mai Gorar Jirgin Tashar Gambo

Ranar Litinin aka sauke wani allon tagulla na tunawa da mamatan jirgi a ƙofar fadar Dagaci Ashafa, kan la'asar kuwa duk Tashar Gambo ta zama garin masana jirgin ruwa. Mutanen da ruwa bai taɓa wuce musu gwiwa ba, sai ka ji suna musu a kan yadda ake juya jirgi a tsakiyar Kwara.

Lokacin yaƙin Hitila wani kamfanin Turawa ya raɗa wa jirginsa sunan garin, albarkacin gyaɗar da ake lodawa a tasharsu ta ƙasar Makarfi. Jirgi ne mai cin itace, da ƙatuwar ƙafar katako a bayansa tana marin ruwa. Samari shida aka ɗiba daga ƙauyukan yankin. Wata rana da azahar, tsakanin Baro da Lakwaja, jirgin ya hau dutse da gudunsa, tukunyar tururi ta fashe. Biyar suka mutu. Shekara bakwai babu wanda ya tuna ko fatiha a yi musu, sai yanzu da aka ji Di'o, Baturen mulki, zai zo.

Takardar Di'o ta ce akwai na shida, Ɗanliti mutumin Kudan, mai auna zurfin ruwa da gora a goshin jirgi. Masunta sun ga fitarsa da rai. A nemo shi, gwamnati na son ganinsa ranar Alhamis. Dagaci bai taɓa jin sunan ba, amma take ya aika cewa ai yaronsa ne.

Sannan ya juya ga Ladan, bafadensa mai faɗin hattara.

"Ko ka kawo mini Ɗanliti, ko ka tuɓe mini rigata ka ajiye mini dokina."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Ladan.

Shi Ladan baƙo ya zo garin nan, daga shi sai wando. Murya ce kaɗai jarinsa, ita ta ba shi riga da doki da mata da ɗakin kwana. Wallahi bai shirya komawa ɗaukar rake a ka ba.

Kudan dai bai je ba, ya ce ɓata kofaton doki ne. Shela ya sa aka yi a kasuwa, sai ga Ɗanliti har goma sha ɗaya. Wani ya ce dawakin ruwa ke jan jirgin. Wani ya rantse ya ga Hitila da idonsa a cikin kwalekwale. Ladan ya kore su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi Bobbo, wani dogo mai dafa mazarƙwaila, domin hannuwansa duk tabon ƙuna ne, kuma kunya ba ta san gidansu ba.

Kwana biyu yana horar da shi a bayan masaƙa. Ya ɗora shi kan turmi, ya ba shi gora mai zane-zane. A jefa ta gaba, a bar ta ta miƙe, a duba zane, a rera wa kyaftin zurfin da ƙarfi.

"Ba haka ba, sakarai! Ja ƙarshen. Ƙafa taraaa, babu ƙasa!"

"Kai kuwa Malam Ladan, ina ka san duk wannan?"

"Wani Banufe mai goro ya ba ni labari. Sake!"

Alhamis ta yi. An share fili, an kafa allon a gindin tsamiya, an lulluɓe shi da tuta. Makaɗa sun tsara wa jirgin kirari, har da cewa ya nutsar da na Jamus bakwai. Matar da ɗanta ke cikin biyar ɗin nan ta zo tun safe, aka ce ta koma baya, tana tare wa manya iska.

Di'o ya iso da 'yan doka biyu da wani tsohon Bature mai baƙin tabarau, ana riƙe da hannunsa. Rabin fuskarsa ya saɓule ya warke. Tafinta ya ce wannan ne kyaftin ɗin jirgin, tururi ya cinye masa idanu. Ladan ya ji sanyi a ransa, ya koma bayan Bobbo ya tsaya. Yau ko hattarar bai faɗa ba, har Dagaci na hararar sa.

Aka karanta sunaye biyar, kowanne a karkace. Aka tura Bobbo gaba, yana baza kafaɗa yana leƙen ko an ɓoye masa lambar girma. Tsohon bai miƙa masa hannu ba. Ya ce, da Hausarsa ta bakin kogi, yana so ya ji kiran gora sau ɗaya.

Bobbo ya ɗaga gora. Ya dubi Di'o, ya dubi 'yan doka, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Gumi ya karyo masa. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Dagaci ya waiwayo ya kafe Ladan da ido, ya dubi rigar daga wuya har ƙasa.

Ladan ya raɗa. Bobbo bai ji ba. Ya sake raɗawa, Bobbo ya ce, "Iye?" Dariya ta fara tashi daga bayan taro, kuma Ladan ya ga doki da riga suna tafiya a kan idonsa. Haushi ya rufe shi.

"Ƙafa taraaa, babu ƙasa!"

Muryar Ladan ta ratsa filin har kasuwa. Tsohon ya juya kansa a hankali, ya wuce Bobbo, ya ɗaga yatsa daidai inda Ladan yake. 'Yan doka suka taso.

"Sannu, Ɗanliti," in ji tsohon. "Haka ka kira mini ranar da muka hau dutse, kana kwance a inuwa, gorarka a bushe."