Ƙorafe-ƙorafen Ƙaya

Saƙon da ke saman shafin gajere ne: "madannin aikawa ya yi ƙanƙanta. a ƙara masa girma." Babu sallama, babu godiya. Ƙaya ne, kamar kullum.

Injiniya ta tura kujerarta baya, ta bugi bango. Ofishinta ba shi da taga. Tebur ne, da kwamfuta biyu, da fanka mai kuka. Ita ke kula da dandalin da masu rubuta manhaja ke haɗuwa suna yi wa juna tambayoyi. Ita ce kuma ta buɗe sashen shawarwari da hannunta, don jama'a su faɗi abin da suke so a gyara. Yau da za ta iya, da ta buga wa sashen ƙusa ta rufe shi.

Wasu kan nemi a canza launi, su yi godiya, su wuce. Ƙaya ba ya wucewa. Ya ce shafin na korar mutum yana tsakiyar rubutu, ya share masa komai. Ya ce hoton nan da ake ja a daidaita don a tabbatar mutum ne ke shiga, zalunci ne tsagwaronsa. Abin haushi, in tambaya mai wuya ta kwana ba amsa, shi ke warware ta a layi biyu. Jama'a suka fara mara masa baya.

Wata rana ta ƙule, ta rubuta masa: "Kai ba ka da aiki sai ganin laifi? In ka fi mu iyawa, gina naka."

Sai washegari amsa ta zo: "yanzu kika yi magana. saura gyara."

Ta ja tsaki, amma ta kama kanta tana murmushi. Ta manta rabon da wani ya ja da ita.

Rayuwarta daga wannan ɗaki sai wancan. A gida mijinta na kwance tun da shanyewar jiki ta kayar da shi, baki ba magana, jiki ba motsi sai ɗan abin da ba a rasa ba a hannun hagu. Shi ya koya mata aikin nan. Yanzu magana take masa irin ta jarirai: "Sannu, ka ji? Mun sha magani? Yawwa!" Shi kuwa ya kafe rufi da ido. Da rana Goggonsa ke zama da shi, ta jingina masa kwamfutar hannu a kan filo don ya ɗebe kewa, ita ta hau gyangyaɗinta. Ajiye aiki ba ya cikin lissafin Injiniya, domin katin asibitinsa da aikinta yake rataye.

Ranar da za a nuna dandalin ga wasu baƙi masu shirin haɗa gwiwa da kamfanin, Manaja ya leƙo, ko zama bai yi ba.

"Injiniya, baƙi za su buɗe sashen nan su ga sunan mutum ɗaya daga sama har ƙasa yana tsefe mu. Ko ki gyara duka yau, ko ki kawar da shi, ko in nemo wanda zai iya."

Gyaran ba na yini ɗaya ba ne. Dokar dandalin kuma a fili take: ba a korar mutum don ya yi ƙorafi, ba a bin diddigin inda yake. Ita ta rubuta dokar.

Dogo, abokin aikinta, shi ya zo da mafita. Ya buɗe bayanan da ke nuna yadda ake danna haruffa a akwatin rubutu.

"Anti, duba nan. Harafi ɗaya, shiru. Harafi ɗaya, shiru. Layi biyu ya cinye masa safiya sukutum. Wallahi ko kakata ta fi shi sauri. Wannan ba ɗan Adam ba ne, manhaja ce aka saita tana rarrafe don kar tarkonmu ya kama ta. Ba ki ga da hoton gwaji yake faɗa ba?"

"Manhaja ce za ta yi mini baƙar magana?"

"Na zamanin nan? Har wa'azi sai su yi miki."

Doka ta hana korar mutum. Ba ta ce komai a kan na'ura ba. Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta duba gabas da yamma ba ta ga wata ƙofa ba. Ta rubuta sanarwar rufe asusun Ƙaya, ta danna. Ƙorafe-ƙorafen suka ɓace fes. Baƙi suka zo, suka yaba da tsaftar shafi, Manaja har da washe baki.

Da yamma Goggo ta tare ta a bakin ƙofa.

"Gara da kika dawo, 'yar nan. Mijinki tun azahar ya ƙi abinci, hawaye kawai. Ina jin abin kallon nan ne ya lalace. Kullum da kin fita sai ya yi ta dangwalarsa da yatsan nan guda har ki kusa dawowa. Yau kuwa ya cije a wuri ɗaya."

Ta shiga da muryar lallashi. "Sannu, ka ji? Wa ya taɓa mana kai?"

Wannan karon ba rufi yake kallo ba. Ita yake kallo, ido cikin ido, yatsansa na kan gilashin kwamfutar.

Ta juyo kwamfutar don ta ga abin da ya lalace, ta tarar da rubutun da ta yi da hannunta: "Ƙaya, an rufe asusunka. Bincikenmu ya tabbatar kai ba mutum ba ne."