Kalmar da Baturiya Ta Bari a Marina

Wata Baturiya ta durƙusa a tsakiyar wata marina a garin Kojima na ƙasar Japan, ta kama gwiwar wani tsohon wandon jins da ke rataye a ƙusa, ta shafa da babban yatsa. Ta faɗi wata kalma, ta sake faɗa har da dariya, sannan ta ɗaga kyamara ta ɗauki hotonsa.

Mai marinar, Nanba Sadao, yana tsaye da sababbin yadudduka a hannu, ba ta ko kalle su ba. Ba ta zo da tafinta ba, shi kuma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Da ta ga bai gane ba, sai ta rubuta kalmar a bayan katinta, ta miƙa masa, ta rusuna a karkace, ta tafi.

Wandon na ɗansa Kohei ne, mai riƙe da rinin gidan yanzu, wanda tun safe ya tafi Ibara kai wa masaƙa zare.

Matar Sadao, Tomie, ta ɗauko ƙamus ɗin da Kohei ya yi makaranta da shi. Ta sa tabarau, ta bi layi da yatsa har ta tsaya a kan "fade".

"Koɗewa," in ji ta a hankali. "Launi ya dusashe. Ana kuma faɗa wa fure in ya yi yaushi, ko murya in ta yi nisa..."

"Ya isa haka," in ji Sadao.

A Kojima ba a yafe wa marini wannan. Mahaifin Sadao ya rina kayan makarantar rabin yaran garin, kayan da wa ke tuɓewa ƙane ya sa, launi yana nan daram. Yau ga mace ta ƙetaro teku ta yi wa Sadao dariya a gaban ma'aikatansa.

Ya zari zare ɗaya daga rinin makon, ya yanka da reza. Bayansa shuɗi, cikinsa fari tas kamar shinkafa.

Da Kohei ya dawo da yamma, ya tarar da uban a bakin randunan shuni, ma'aikata sun yi cirko-cirko.

"Mene ne wannan?" in ji Sadao, yana nuna masa zaren da ya yanka.

"Da gangan na yi, Baba. Ina tsomawa in ciro da wuri, shunin ya tsaya a bayan zaren. In aka daɗe ana sa wandon..."

"Ya koɗe."

"Ya koɗe, amma ka duba yadda..."

"Na duba. Baƙuwa ma ta duba, har hoto ta ɗauka ta kai garinsu a yi dariya. Randunan kakanka na ba ka, ka mai da su wurin ha'inci. Tuɓe rigar aikin nan."

Kohei ya tuɓe, ya ninke ta, ya ajiye a kan murfin randa. Ya rusuna wa ma'aikata, bai rusuna wa uban ba. Kafin mako ya zagayo ya ɗauki matarsa sun koma Osaka, ya sami aiki a wata masana'antar ƙarfe.

Sadao ya koma bakin randuna da kansa, da furfurarsa da ciwon bayansa. Duk sanyin shekarar ya yi shi yana tsoma zare yana matsewa, ya shanya, ya sake tsomawa, har shuni ya ratsa zuciyar kowane sili. Yatsunsa suka tsattsage. Tomie takan ajiye masa shinkafa da kifi ta ce, "Ga abinci nan," ta juya. Maganarsu ke nan.

Furanni sun fara fitowa aka bugo waya daga Osaka. Injin matse ƙarfe ya cinye wa Kohei hannun dama har wuyan hannu. Tomie ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai. Da ta dawo, Sadao bai tambaye ta komai ba. Ya zauna a bakin randa ya daɗe yana kallon kumfar shuni, yana gaya wa kansa cewa ko ba komai sunan gidan ya wanku.

Da kaka Baturiyar ta dawo, wannan karon da tafinta, wani mai kwat daga Tokyo. Tana shigowa ta kai ido ga ƙusar nan. Babu komai a kai.

Sadao ya shimfiɗa sabon yadinsa. Ya jiƙa gefe ɗaya, ya ɗauki dutse ya goge da duk ƙarfinsa har gumi ya keto masa. Ya ɗaga yadin sama: shuɗi, ko gezau. Ya yanka zare ya nuna mata cikinsa. Sannan ya rusuna har ƙasa.

"Faɗa mata ina neman gafarar abin da ta gani bara," ya ce wa tafinta. "Ba za ta ƙara ganinsa a gidan nan ba. Wanda ya yi wancan aikin ba zai sake rini ba."

Tafinta ya fassara. Baturiyar ta juya yadin, ta shafa, ta ajiye. Ta yi magana mai tsawo, ba dariya.

Tafinta ya gyara kwat ɗinsa, ya kasa haɗa ido da tsohon.

"Nanba-san, ranka ya daɗe, ta ce irin wannan akwai shi ko'ina. Bara yabo take yi, ba ta taɓa ganin shuni mai koɗewa da kyau haka ba. Ta dawo ne don ta sayi wannan koɗewar, duk abin da mai wancan hannun zai iya rinawa."